Gyaran Sarƙa da Haƙoran Keke a Gida: Yadda Manomi Zai Sauƙaƙa wa Ƙafarsa da Aljihunsa

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san amfanin keke a karkara. Shi ke kai buhun albasa bakin hanya a ƙasar Galmi da Madawa. Shi ke ɗauko taki daga Tasawa, ya kai jarkar ruwa garka a Mirya. In yaro ya kwana da zazzaɓi, kuma gidan likita na da nisa, sau da yawa keke ne motar gida. To amma keke nawa ne a ƙauyukanmu ke jingine a zaure, ƙura ta rufe su, saboda sarƙa ta tsinke ko haƙora sun cinye? Wani kuma yana tafiya, amma mai shi ya fi turawa da hannu bisa ga hawa, don tuƙin ya yi nauyi.

Mafi yawan wannan wahala daga wuri ɗaya take fitowa, wato kayan da ke ɗaukar ƙarfin ƙafa su kai shi ga tayar baya. Wanda ya fahimci waɗannan kaya zai iya canza su a tsakar gidansa, kuma ya zaɓi waɗanda suka dace da rairayinmu da kayan da muke ɗauka.

Kayan da muke magana a kansu

Guda biyar ne. Na farko feda, inda ake ɗora ƙafa. Na biyu hannun feda, tare da sandar ƙarfe da ta ratsa cikin keke ta haɗa hannayen biyu. Na uku babban faranti mai haƙora da ke gefen dama. Na huɗu sarƙa, wadda masu gyara ke kira cen ko shen. Na biyar ƙaramin faranti na tayar baya, wanda ake kira firiwil; shi ne ke barin taya ta ci gaba da juyawa ko an daina tuƙi.

Wannan tsari tsoho ne. A shekarar 1880 Hans Renold ya ƙera irin wannan sarƙa a birnin Manchester na ƙasar Ingila, kuma a 1885 John Kemp Starley ya fitar da keken da sarƙa ke jan tayarsa ta baya a birnin Coventry. Baƙin keken nan mai taya lamba 28 da muka sani, ko Raleigh na Ingila, ko Phoenix da Flying Pigeon na ƙasar Sin, ko Hero na Indiya, duk a kan wannan tsari aka gina su. Shi ya sa yawancin kayansu ke shiga juna, kuma ana samun su a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai.

Yadda ake gane sarƙa ta ƙare

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe. A gaskiya ƙarfen ba ya miƙewa. Rairayi ne ke shiga tsakanin ƙusoshin sarƙa, ya gauraya da mai, ya riƙa cin ƙarfen kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Kowace gaɓa ta ɗan saki, sai sarƙar duka ta ƙara tsawo.

Ga yadda za ka auna. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12 ne da ɗan ƙari. Ari rula a wurin ɗan makaranta, don mitar tela tana miƙewa. Danna feda har sarƙar sama ta tsaya kyam. Ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya, kada ka ƙidaya ta, sannan ka ƙidaya ƙusa 20 a gaba. Idan tsakiyar ta 20 ta faɗa a santimita 25 da milimita 4, sarƙa lafiya lau take. Idan ta kai santimita 25 da milimita 6, lokacin canza ta ya yi. Idan ta kai milimita 7 ko ta wuce, to ta riga ta ɓata haƙoran firiwil, sai a canza su tare.

Wanda ba shi da rula, sai ya kama sarƙar a gaban babban faranti ya ja ta waje. In ta ɗago har ya ga haƙori kusan duka, ta ƙare. A duba haƙoran kuma. Lafiyayyen haƙori yana da faɗi a sama, gefensa biyu daidai suke. Wanda ya cinye ya yi tsini, ko ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Su sayi sabuwar sarƙa su ɗora a kan tsofaffin haƙora, sai haƙoran su cinye ta da wuri. Ko su sa sabon firiwil su bar tsohuwar sarƙa, ita kuma ta ɓata shi. Idan duka biyun sun tsufa, a haƙura a tara kuɗi a saye su rana ɗaya. Babban faranti ya fi su daɗewa, don haƙoransa na da yawa, suna raba aikin.

Lissafin haƙora

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowane amfani ga manomi, kuma kuɗinsa bai wuce na firiwil ɗaya ba. Ƙidaya haƙoran babban faranti. A irin kekenmu galibi 44 ne ko 46. Ƙidaya na firiwil. Galibi 18 ne, wani lokaci 20. An yi wannan haɗi ne domin mai tafiya bisa kwalta ba tare da kaya mai nauyi ba.

Taya lamba 28 tana cin kimanin mita 2 da santimita 20 a juyi ɗaya. Idan faranti na da haƙori 44, ga abin da keke ke ci duk lokacin da feda ta zagayo sau ɗaya:

Firiwil mai haƙori 18: kimanin mita 5 da santimita 40.
Firiwil mai haƙori 20: kimanin mita 4 da santimita 80.
Firiwil mai haƙori 22: kimanin mita 4 da santimita 40.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya cire mai 18 ya sa mai 22 ya rage ƙarfin da ƙafarsa ke sawa a kowane tuƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ya biya shi ne yawan juyi. A tafiyar kilomita 10, mai haƙori 18 zai juya feda kusan sau 1850, mai 22 kuwa kusan sau 2270. A kan kwalta, saurayi mai gaggawa zai ga kamar an rage masa gudu. Amma a jigawa, da buhun gero a baya, mai 22 yana bisa sirdi yana tafiya, mai 18 ya sauka yana turi. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai maganar lafiya a ciki. Tuƙi mai nauyi da ake yi da ƙyar yana matsa wa gwiwa, musamman ga magidanta da suka fara manyanta. Tuƙi mai sauƙi da ɗan sauri ya fi mata. A kuma ɗaga sirdi yadda in feda tana ƙasa, gwiwa za ta kusa miƙewa, saura kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa shi ma yana kawo ciwon gwiwa.

Mai hanyar da rabinta kwalta ce rabinta rairayi, haƙori 20 ya ishe shi. Mai ɗaukar kaya kullum, ko mai hawan tudu irin na ƙasar Adar, ya nemi 22. Idan kekenka na da murfin sarƙa mai rufe ta duka, gwada ka gani ko babban firiwil zai juya a ciki ba tare da guga ba.

Abin lura a kasuwa

Tafi da tsohon kayan a hannu, ka gwada su da sabon a gaban mai sayarwa.

Sarƙa iri biyu ce. Mai faɗi, wadda aka rubuta 1/8 a kwalinta, ta keke marar giya ce. Siririya, mai lamba 3/32, ta keke mai giya ce. Siririya ba ta zama a kan haƙoran baƙin keke masu kauri, mai faɗi kuma ba ta aiki a keke mai giya.

Juya firiwil da hannu kusa da kunne. Ya kamata ya yi ƙara a jere ta gefe ɗaya, ya cije nan take ta ɗaya gefen. In yana rawa da yawa ko yana santsi ta ko'ina, mayar da shi. Araha ba ta ado: ƙarfe mai taushi ba ya jure rairayi.

Masu tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot na da, su yi hattara. Zaren da ake murɗa feda da firiwil a kansa ya bambanta da na kekunan Ingila, Sin da Indiya. Suna kama da juna a ido, amma in aka tilasta su, zaren ya lalace ke nan.

Wasu kan so su sa wa baƙin keke giya biyar ko shida. Ba mu ba da wannan shawara ba. Bayan keken ya yi ƙunci ga irin wannan taya, sai an buɗe ƙarfen da ƙarfi, ga sayen wayoyi da abin canza giya, waɗanda rairayi ke saurin kashewa. Kuɗin ya fi kyau a zuba su a sarƙa mai kyau da firiwil da ya dace.

Kayan aiki

Sifana lamba 15, sifana mai buɗewa, guduma, ƙusa mai kauri da aka yanke wa tsini, filaya, guntun bututun ƙarfe, tsumma, tsohon buroshin haƙori, kananzir kaɗan a gwangwani, giris, da sabon man inji. Shimfiɗa buhu ko tabarma a ƙasa, don ƙaramin ƙarfe in ya faɗa rairayi ba a ganinsa, in an gan shi ma ya kwashi ƙasa. Yi aikin da safe a inuwa, ranar da ba iska. Jera duk abin da ka cire bi da bi, yadda za ka mayar da shi daga na ƙarshe zuwa na farko.

Cire sarƙa da taya

Kifa keke bisa sirdi da kai. Nemi gaɓar haɗi a jikin sarƙa. Ita ce mai ɗan maƙalli a gefe. Tura maƙallin da filaya ya fita, ka zare gaɓar. Saki birkin baya, kwance notin taya biyu da ƙananan notin da ke jan taya baya, sannan ka fitar da ita. Lura da yadda wasa da ƙafafun kariya suke jere a kan sandar.

Canza firiwil

Tuƙi shi ke ƙara ɗaure firiwil, don haka tsoho yakan cije ƙwarai. Yana kwancewa ne in an murɗa shi hagu, wato saɓanin tafiyar agogo, idan kana fuskantarsa. Idan yana da tsaga biyu ko huɗu a fuskarsa, akwai ɗan ƙarfen cire shi a wurin masu gyara. A ɗora shi, a riƙe shi da notin taya don kada ya zame, a murɗa da babbar sifana. Da ya motsa, a sassauta notin kafin a ci gaba.

In babu wannan ƙarfe, kuma ba a bukatar tsohon firiwil, akwai wata hanya. A fuskarsa akwai zobe mai ƙananan ramuka biyu. Sa ƙusa a rami ka buga ta wajen dama, don wannan zobe zarensa a juye yake. In ya fita, haƙoran za su zare, ƙananan ƙwallaye su zube. Abin da ya rage a jikin taya, a kama shi da matsi a wurin maƙeri ko mai walda, a riƙe tayar da hannu biyu a juya ta har ya kwance. Kada a taɓa yanke wayoyin taya kafin a cire firiwil, don tayar ce ke ba da ƙarfin murɗawa.

Goge zaren da tsumma, shafa giris. Ɗora sabon firiwil da yatsu kawai. Ya kamata ya shiga juyi uku ko huɗu ba gardama. In ya cije tun farko, ya hau a karkace. Kwance ka sake. Ba a bukatar sifana wajen ɗaure shi, tuƙin farko zai yi wannan.

Hannun feda da sandarsa

Kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe. In yana rawa, ko kana jin ƙas-ƙas a kowane tuƙi, sai a buɗe. Abin da ke riƙe hannun a jikin sanda ƙusa ce mai gefe ɗaya a fere, wadda masu gyara ke kira kotafin. Kwance notinta har ya yi daidai da bakin zaren. Tokare hannun feda daga ƙasa da bututun ƙarfe, yadda kan ƙusar zai faɗa cikin ramin bututun, sannan ka buga da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Bugu ba tokari yana fasa ƙwallayen ciki, ƙananan bugu masu yawa kuma lanƙwasa ƙusar kawai suke yi.

Ta gefen hagu ake buɗe gidan sanda. Kwance zoben waje, sannan kofin. Bar kofin dama a wurinsa in ba ya fashe ba. Zare sanda, wanke komai da kananzir. Idan ƙwallayen a sake suke, guda 11 ne a kowane gefe. Suna da araha, a sa sababbi duka, kada a gauraya da tsofaffi. Duba inda suke gudu a jikin sanda da kofi. In akwai ramuka, a canza. Cika kofi da giris, jera ƙwallaye, mayar da sanda, gefe mai tsawo a dama inda faranti yake. Ɗaura kofin hagu har rawa ta ɓace amma sanda na juyawa da yatsu, sannan ka ɗaure zoben.

Sayi sabuwar kotafin mai kauri daidai da tsohuwa. Ta kekunan Ingila, Sin da Indiya galibi milimita 9 da rabi ce, ta Faransa milimita 9. Da guduma ake shigar da ita, tare da tokari. Noti riƙo ne kawai aikinsa. Wanda ya ja ƙusar da noti zai tsinke zaren. Ƙusoshin biyu su saɓa wa juna: in hannayen suna kwance, kan ɗaya na sama, kan ɗayar na ƙasa. In ba haka ba, hannayen ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Bayan tafiyar kwana biyu, a sake bugawa a ƙara ɗaure noti.

Wanda kotafin ta dame shi, kuma yana da hali, zai iya sayen sanda mai baki kusurwa huɗu da hannayen feda irin nata. Ba ta bukatar ƙusa, kuma ba ta saurin rawa in an ɗaure ta da kyau. Sai dai cire ta na bukatar ƙarfe na musamman, kuma dole tsawonta ya sa faranti ya tsaya a layi ɗaya da firiwil.

Feda

Feda ta dama da ta hagu ba ɗaya ba ne. Ta dama na da harafin R ko D, ta hagu L ko G, kuma zaren ta hagu a juye yake. Ga dabarar tunawa: idan keke na tsaye bisa tayoyinsa, ka sa sifana tana kallon sama, tura ta wajen bayan keke kwancewa ne, tura ta wajen gaba ɗaurewa ne, a kowane gefe. Shafa giris, fara da yatsu.

Ɗora sabuwar sarƙa

Mayar da taya, ka matso da ita gaba a cikin raminta. Zagaya sarƙa a kan faranti da firiwil, ka ga inda bakin biyu suka haɗu. Wanda ya tashi daga haƙori 18 zuwa 22 zai bukaci ƙarin ƙusa biyu a kan tsawon da. In akwai rara, ɗora ƙusar da za a cire bisa ramin noti, ka buge ta da siririyar ƙusa. Auna sau biyu kafin ka rage. Ajiye ragowar, ranar tsinkewa za ta yi amfani.

Sa gaɓar haɗi. Rufaffen bakin maƙalli shi ke kallon inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen na baya. In aka juya shi, wani abu zai iya tuɓe shi a hanya.

Ja taya baya a hankali, dama da hagu daidai, tana tsakiyar keke. Juya feda ka nemi inda sarƙa ta fi tauri. A nan, in ka danna tsakiyarta, ta motsa kimanin santimita ɗaya. Sarƙa mai tauri tana cin ƙwallaye da ƙarfin ƙafa, mai sako-sako tana faɗuwa. Tsaya a baya ka hango: faranti, sarƙa da firiwil su kasance a layi ɗaya. Ɗaure notin taya tam. Da yake taya ta motsa, dole a sake daidaita birkin baya. Kada kowa ya hau keken kafin a gwada birki.

Kula da ita

Ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda, sannan ka goge wajen sarƙar da tsumma har ta kusa bushewa. A ciki ake son mai. Na waje ƙura yake kira. Kada a shafa giris a sarƙa. Kada a sa baƙin man da aka juye daga mota, don cike yake da garin ƙarfe. Man gyaɗa kuma daskarewa yake ya zama danƙo. A lokacin hunturu da buji, a goge sarƙa kowane mako, a wanke ta da kananzir in ta yi kauri da datti, a bari ta bushe kafin a sa mai. Da damina, a sa mai duk ranar da aka ratsa ruwa. Kada a jefar da murfin sarƙa. Yana tare rairayi, yana kuma hana bakin riga da wando shiga haƙora.

Tsare lafiya wajen aiki

Kada a juya feda yayin da yatsa ke kusa da haƙora, kuma a nisantar da yara. Idan ana goge sarƙa, a tsayar da taya tukuna. A kawar da fuska wajen bugun ƙarfe, don ɓarɓashi na iya shiga ido. Kada a wanke kaya da fetur, kuma a yi nesa da murhu da taba.

Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo ko ta ruwan sha. Yara kan ɗauka abin sha ne. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai, don kananzir na iya shiga huhu. A kai shi gidan likita nan da nan.

Wanda ƙarfe ya yanka, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ya rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙasa, toka ko man inji. In raunin ya yi zurfi, a je a nemi allurar tetanos, don ƙwayar wannan ciwo tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan gyara shi ne bayan girbi, sa'ad da ɗan kuɗi ke hannu, kafin jigilar kayan rani ta kankama. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ƙarfen cire firiwil da gwangwanin giris ɗaya, su riƙa amfani da su tare. Yau da yamma, ɗauki rula ka auna sarƙarka, ka ƙidaya haƙoran firiwil, ka rubuta lambobin a takarda, ka tafi da ita ranar kasuwa.